Nauyin wuri guda

nauyin wuri guda (suna, namiji). A fannin gine-gine, nauyin da ke sauka a ɗan ƙaramin wuri a kan bim ɗin ƙarfe, kamar inda ginshiƙi ya zauna a kansa. Idan nauyin ya faɗa tsakiyar bim mai madogara biyu, kowace tana ɗaukar rabi. Idan ya karkata gefe, wadda ta fi kusa ce ke ɗaukar kaso mafi yawa. Nauyin kan bi ta leɓen saman bim ɗin ya shiga siririn farantin tsakiya, wanda kan lotse ko ya lanƙwashe idan abin ya fi ƙarfinsa. Injiniya kan lissafa juriyar farantin daga kaurinsa, da ƙarfin ƙarfen, da tsawon wurin da nauyin ya bazu. In juriyar ta gaza, sai a yi waldar wani faranti a tsaye don tokare farantin tsakiyan.