Kwalli da Idon Jariri

A Dakoro, kamar sauran ƙasar Hausa, tandun kwalli tsohon kayan mai jego ne. Akan niƙa dutsen a gida, a sa wa jariri don idonsa ya yi kaifi. Da irinsa Misirawan dauri suka yi ado. Fatake kuwa daga kwarin Binuwai sukan kawo mana shi. Sai dai galibin dutsen dalma ne. A 2011, a Boston ta Amurka, an gwada kwallin wani jariri da aka sayo a Nijeriya, aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Niƙa da tankaɗe ba sa fitar da ita; jariri ya murza ido, ya tsotsi yatsa, ta dakushe masa ƙwaƙwalwa. Saboda haka a bar idonsa yadda Allah ya halitta.