Yadda Tankin Lemo Ya Koma Na Giya a Gidajen Amurka

Duk wanda ya leƙa wurin mai dafa giya a gida a Amurka, sau da yawa zai tarar da wani siririn tankin ƙarfe mai cin galan 5, kusan lita 19. Cornelius ake ce masa, kuma ba don giya aka ƙera shi ba. Coca-Cola da Pepsi ne suka shafe shekaru suna kai lemo gidajen abinci a cikinsa, kowane kamfani da irin bakin tiyonsa, shi ya sa har yau mai saye sai ya zaɓi ɗaya cikin biyun. Da kamfanonin suka koma zuba ruwan lemo a leda cikin kwali, sai tankunan suka yi kwantai, aka riƙa sayar da su da araha. A ganina, wannan arahar ce ta haifi al'adar zuba giya a cikinsu.

Wasu za su ce doka ce, tunda a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba da izinin dafa giya a gida. Hakan gaskiya ne, amma izinin dafawa kawai ta bayar. Idan babu tanki, mai galan 5 na giya sai ya wanke kwalabe kusan 50, ya cika, ya toshe, ya jira makonni kafin gas ya kama. Shi kuwa tankin, yana jure matsin gas, kuma murfinsa na da faɗin da hannu zai shiga a wanke, ba kamar na kamfanonin giya ba, masu wuyar buɗewa, waɗanda kuma mallakin kamfani ne. Da tsofaffin suka yi ƙaranci, sai aka fara ƙera sababbi musamman domin masu dafawar.