Tsofaffin Rigunan Ƙwallon Ƙafa da Tarihin Ƙungiyoyin Ingila

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun daɗe da yarda cewa ba a cikin takardu kaɗai ake samun labarin mutanen da suka shuɗe ba. Kuɗin da suka kashe, da tukwanen da suka yi girki da su, da tufafin da suka sa, duk shaidu ne ga wanda ya iya karanta su. Rigar ƙwallon ƙafa, wadda samari suka fi sani da jesi, ta shiga sahun waɗannan shaidu. A ƙasar Ingila, inda aka tsara dokokin wasan a 1863, akwai mutane da dama waɗanda suka mai da tara tsofaffin rigunan ƙungiyoyi abin sha'awarsu, wasu ma sana'arsu. Wannan maƙala za ta duba abubuwan da mai tarawa yake karantawa a jikin riga, watau launi da yadi da tambari da lamba da sunan kamfani, domin kowane ɗayansu yana da zamanin da ya shigo. Daga nan za a bi sawun yadda rigar ta tashi daga kayan aikin ɗan wasa ta zama haja, da abin da hakan ya jawo wa aikin adana tarihin ƙungiyoyin.

2.0 Launi da Asalin Ƙungiya

A farkon al'amari 'yan wasa ba su da riga ta bai ɗaya. Kowa yakan zo fili da abin da ya samu, sai a bambanta ɓangarorin biyu da hula ko ɗamara. Bayan kafa gasar lig a 1888, jama'a suka fara biyan kuɗi suna cika filaye, ya zama tilas ɗan kallo ya iya gane nasa daga nesa. A nan ne kowace ƙungiya ta tsai da launinta, launin kuma ya zama tamkar tutar unguwa ko ta masana'antar da ta haife ta.

Birnin Nottingham ya isa misali, domin launukan ƙungiyoyinsa biyu sun yi tafiya mai nisa. Nottingham Forest, wadda aka kafa a 1865, ta zaɓi ja don girmama Garibaldi, jarumin haɗa kan Italiya, wanda aka san mayaƙansa da jajayen riguna. A 1886 ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich a Landan suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Arsenal. A cikinsu akwai tsofaffin 'yan wasan Forest, kuma tarihin ƙungiyar ya kawo cewa ta hannunsu ne aka samo jajayen rigunan farko. Igwar da take jikin tambarin Arsenal har yau tana tuna wa mutane da wancan asali. Ja mai duhu ƙungiyar ta riƙa sawa har 1933, sa'ad da manajanta Herbert Chapman ya sa aka ƙara hasken jan aka kuma yi wa rigar fararen hannuwa. Da ƙungiyar za ta bar filinta na Highbury a 2006, sai ta koma wa jan nan mai duhu na tsawon kakar wasa guda, don tunawa da 1913, shekarar da ta tare a filin.

Ita kuwa Notts County, wadda aka kafa a 1862, ratsin baƙi da fari ne launinta. A birnin Turin na Italiya, ƙungiyar Juventus ta fara wasa da riga ruwan hoda bayan kafa ta a 1897, amma wanki ya riƙa koɗar da launin. A 1903 wani Bature ɗan Ingila da yake cikin ƙungiyar, John Savage, ya aika gida a samo musu sababbi, sai aka aiko da masu ratsi irin na Notts County. Juventus ba ta manta da wannan zumunci ba. Ranar 8 ga Satumba 2011, da za ta buɗe sabon filinta, Notts County ta gayyato, ko da yake a lokacin tana can ƙasa a rukuni na uku na gasar Ingila, aka tashi 1 da 1.

Wani launin kuma buri yake nunawa. Leeds United ta daɗe tana sa shuɗi da ruwan ɗorawa, har Don Revie ya karɓi ragamarta a 1961 ya tsai da fari fat irin na Real Madrid, wadda ta ci kofin Turai sau biyar a jere. Haka nan Bill Shankly ya mai da kayan Liverpool ja a 1964, riga da wando, yana ganin hakan zai ƙara wa 'yan wasansa kwarjini.

3.0 Yadi, Tambari da Lamba

Mai tarawa da ya ƙware yakan fara da taɓa riga kafin ya duba rubutun jikinta. Rigunan farko na ulu ne ko auduga mai kauri, masu dogon hannu, wuyansu da maɓalli ko igiya, idan ruwa ya jiƙa su sai su zame wa ɗan wasa kaya. A 1953 'yan wasan Hungary suka zo Wembley da riguna marasa nauyi, suka ci Ingila 6 da 3. Ba a jima ba ƙungiyoyin Ingila suka rungumi riga mai gajeren hannu da buɗaɗɗen wuya. Zaren roba kuwa sai daga shekarun 1970 zuwa 1980 ya kori auduga daga fili.

Tambari ma bai zama ruwan dare ba sai daga baya. Ƙungiyoyi da yawa sun shekara aru-aru suna wasa da riga ba komai a ƙirjinta, sai ranar wasan ƙarshe na cin kofi a ɗinka mata tambarin birni. Saboda haka idan aka ga tsohuwar rigar Manchester United ko ta Manchester City ɗauke da tambarin birnin Manchester, alama ce ta cewa an tanade ta ne don babbar rana.

Lamba ita ce ta fi sauƙin bin diddigi. Arsenal da Chelsea sun gwada ta a watan Agusta 1928. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1933, 'yan Everton suka sa lamba 1 zuwa 11, 'yan Manchester City suka sa 12 zuwa 22. A 1939 aka wajabta ta a gasar lig, kuma a wancan tsari lamba matsayin ɗan wasa a fili take nunawa, duk wanda ya tsaya a gurbin shi ne mai ita a ranar. Sai a 1993 gasar Firimiya ta ba kowane ɗan wasa lambarsa ta dindindin da sunansa a baya.

4.0 Yadda Riga ta Zama Haja

Kafin shekarun 1970 riga kayan aiki ce kawai. Ƙungiya takan sayi 'yan kaɗan, a yi ta wankewa ana sawa, idan sun tsufa a miƙa wa 'yan wasan ajiya, daga nan a ba yara, har su zama tsumma. Wannan ne dalilin da ya sa rigunan wancan zamani suke da wuyar samu, kuma akasarin waɗanda suka tsira a hannun iyalan 'yan wasa aka same su.

Shekarar 1973 ce ta juya al'amarin, ta fuska biyu. Ta farko, kamfanin Admiral na yankin Leicester ya ƙulla yarjejeniya da Leeds United, ya biya ta kuɗi don ta sa rigar da ya zana, shi kuma ya sami ikon sayar da irinta ga yara a kantuna. A 1974 ya yi irin wannan ciniki da ƙungiyar ƙasar Ingila. Tun da ribar tana cikin sayar da sabon zane ne, sai sauya riga ya zama al'ada, daga bayan 'yan shekaru har ya kai ga kowace kaka. Cinikin ya yi ƙarfin da a 2003 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Birtaniya ta ci tarar wasu kamfanoni, har da Umbro da Manchester United, kimanin fam miliyan 18.6 saboda haɗa baki wajen tsai da farashin riguna.

Fuska ta biyu ita ce talla. A Jamus, ƙungiyar Eintracht Braunschweig ta so ta ɗauki tallar wani kamfanin barasa, Jägermeister, hukuma ta hana. Sai ƙungiyar ta cire zakin da yake tambarinta ta sa barewar kamfanin a madadinsa, tun da doka ba ta hana sauya tambari ba. A Ingila ƙaramar ƙungiyar Kettering Town ce ta fara, a watan Janairu 1976, da sunan wani kamfanin tayoyi, hukumar ƙwallo ta tilasta mata cirewa. A 1977 aka sassauta dokar, a 1979 kuma Liverpool ta fito da sunan Hitachi a ƙirji. Amma gidajen talabijin sun ƙi nuna wasan da aka sa riga mai talla har zuwa 1983. Don haka ƙungiya takan tanadi riguna iri biyu, kuma rigar Liverpool ta waɗannan shekaru wadda ba ta da sunan kamfani tana iya zama ta wasan da aka nuna a talabijin. Da sunan kamfani ne ma magoya baya suke ƙidaya zamani a yanzu: JVC a rigar Arsenal daga 1981 zuwa 1999, Sharp a ta Manchester United daga 1982 zuwa 2000.

Duk da haka, magoya baya ba su sallama launi ga masu kuɗi ba. Manchester United ta samo asali ne daga ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Newton Heath, wadda aka kafa a 1878, aka kuma san ta da kore da ruwan ɗorawa kafin sauya suna a 1902. A 2010, da magoya baya suka tashi nuna fushi kan bashin da iyalin Glazer na Amurka suka ɗora wa ƙungiyar bayan sayenta a 2005, waɗannan launuka na asali suka ɗaura a wuya. A birnin Cardiff na Wales, wanda ƙungiyarsa take wasa a gasar Ingila, mai ƙungiyar, Vincent Tan ɗan Malesiya, ya mai da rigarta ja a 2012 bayan fiye da shekara 100 tana sa shuɗi. Jama'a suka yi ta bore har aka mai da shuɗin a watan Janairu 2015.

5.0 Masu Tarawa da Gwanjo

Kalmar gwanjo ma'ana biyu gare ta a Hausa: cinikin da ake yi a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka, da kuma tsofaffin tufafin da ake shigowa da su cikin dila. Tsohuwar rigar ƙwallo ta bi hanyoyin duka biyu. Rigunan kanti da Turawa suka gaji da su sukan biyo dila zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, a sayar da su da araha. A can Ingila kuwa, wasu ɗalibai biyu sun kafa kamfanin Classic Football Shirts a Manchester a 2006 don cinikin irin waɗannan riguna, ya kuwa bunƙasa. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Masu tarawa sun kasa riguna kashi uku: wadda aka saya a kanti, da wadda aka tanadar wa ɗan wasa bai sa ba, da wadda aka yi wasa da ita. Ta ukun ce ta fi daraja, kuma ita ce 'yan jabu suka fi kwaikwayo. Saboda haka ake duba ɗinki, da 'yar takardar da take wuya, da yadda aka manna lamba, sa'an nan a gwada rigar da hotunan ranar wasan.

Mafi tsadar da aka gani a wannan ciniki a rigunan ƙasashe aka gan ta, amma ita take jan farashin na ƙungiyoyi. Rigar da Pele ya sa a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1970 an sayar da ita a gidan gwanjo na Christie's a 2002 kan fam 157,750. Shekara 20 bayan haka aka fito da wadda Maradona ya sa ranar 22 ga Yuni 1986, da Ajantina ta ci Ingila 2 da 1 a Meziko. Ita wannan riga a wani kanti na birnin aka sayo ta cikin gaggawa, domin waɗanda aka zo da su sun yi nauyi ga zafin ƙasar, aka ɗinka mata tambari da hannu. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge ya karɓe ta ta hanyar musaya, ya ba da aronta ga gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, inda jama'a suka yi ta ganinta kusan shekara 20. Da za a sayar, iyalan Maradona suka ce ba ita ce ya ci ƙwallayen biyu da ita ba, gidan gwanjo na Sotheby's ya kafa hujja da hotuna, aka sayar a watan Mayu 2022 kan fam miliyan 7.1. Daga ranar ta bar gidan tarihi ta koma hannun mai kuɗi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa riga guda tana iya faɗin asalin ƙungiya ta launinta, da zamaninta ta yadinta da lambarta, da halin tattalin arzikinta ta sunan da yake ƙirjinta. An kuma ga cewa ƙungiyoyin da kansu sun yi sakaci da wannan shaida shekaru masu yawa, iyalan 'yan wasa da masu tarawa ne suka tsare abin da ya rage. Wannan alheri ne da tarihi ba zai manta musu ba. Sai dai tsadar da rigunan suka yi ta fi ƙarfin gidajen tarihi, kuma rigar da aka kulle a akwatin mutum ɗaya ba ta da amfani ga ɗalibi ko mai bincike. Abin da ya kamaci ƙungiyoyi da masana shi ne su riƙa ɗaukar hoton kowace riga, su rubuta wanda ya sa ta, da ranar wasan, da hannuwan da ta bi, tun masu iya ba da shaida suna raye.