Asalin Kalma: Bindiga

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, "bunduƙiyya". Tushenta "bunduƙ", ɗan wani itace mai ɓawo. Da shi aka kira dunƙulen da ake harbawa, daga baya makamin ya gaji sunan. Suwahili ma sun ara, suna cewa "bunduki", amma Zabarmawa maƙwabtan Hausawa "malfa" suke cewa.

Bahaushe ya haifa mata ƴaƴa: bindigogi, bindige, ɗan bindiga. A da, ƴan bindiga su ne masu ɓarin albarushi gaban sarki ran Hawan Salla. Yau a Filinge ta ƙasar Nijar, in aka ce ƴan bindiga, mahara ake nufi, waɗanda suka sa aka rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi.

Shi ya sa wasu ke cewa a ba malamai bindiga. Amma a 2015 Nijar ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo, mai neman a nisanta makarantu daga harkar yaƙi. Malami mai bindiga, shi mahara za su fara nema. Tsaro aikin hukuma ne, a bar malami da alli.