Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kakin Sojan Jamus A Tsohon Hoto

A zangon karatun da ya wuce mun umarci ɗalibanmu na ajin tarihi da kowa ya zo da wani tsohon abu daga gidansu, ya ba da labarinsa. Wani yaro, wanda asalin iyayensa daga yankin Mubi suke, ya kawo hoton kakan kakansa tsaye cikin kaki, riƙe da bindiga, ga kuma wani Bature zaune a kan kujera kusa da shi. Ya ce a gidansu "sojan Hitila" ake kiran mai hoton, har ma ya fara rubuta gajeren labari a kan haka. Da muka ɗora gilashin ƙara girma a kan hoton, sai muka ga labarin gida daban, abin da kakin ke faɗa daban. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a kan yadda ake karanta irin wannan hoto.

Da farko sai a san zamani. Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar Kamaru a 1884, ta hannun Gustav Nachtigal, mutumin nan da ya taɓa kai wa Shehu Umar kyauta a Kukawa a 1870. A 1891 suka kafa rundunar 'yan sanda, daga baya kuma rundunar soja da suke kira Schutztruppe, wato rundunar tsaro. Hafsoshinta Jamusawa ne, amma kuratan baƙaƙen fata ne, daga Laberiya da Saliyo da Dahome da cikin Kamaru, har da Hausawa. Sun kama Garwa a 1901, sun ci Marwa a 1902. Garuruwa irin su Dikwa da Madagali da Mubi, waɗanda a yau suke cikin Nijeriya, a ƙarƙashinsu suka zauna. Garwa ta faɗa hannun Ingila da Faransa a watan Yuni na 1915, sansaninsu na ƙarshe kuma, a kan dutsen Mora, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Hitila bai hau mulki ba sai 1933, shekara 17 bayan nan. Ke nan baƙin sojan da ya tsaya cikin kakin Jamus a wannan yanki bai taɓa yi wa Hitila aiki ba.

To, ta yaya muka tabbatar kakin na Jamus ne? A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin kuwa jar dara ba ta mutum ɗaya ba ce. Sojojin Ingila na rundunar da Lugga ya kafa a 1897 suna sa ta, na Faransa ma suna da tasu jar hula, haka na Jamus a Kamaru. Abin dubawa shi ne goshin hular. Na Jamus suna maƙala mikiya ta ƙarfe a gaba, alamar daular Kaisa, alhali tambarin rundunar Ingila itacen kwakwa ne. A hoton ɗalibinmu mikiyar ta fito, ko da yake ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Ita kanta mikiyar iri biyu ce, kuma bambanta su na raba gardama. Ta zamanin Kaisa tana da kambi a bisa kai. Ta zamanin Hitila kuwa fikafikanta a miƙe suke, tana riƙe da alamar Nazi da faratanta, kuma a ƙirjin riga ta dama ake ɗinka ta. Duk hoton da aka ga wannan ta biyu, to ba na mulkin mallaka ba ne, saboda an ƙwace wa Jamus dukkan ƙasashen da ta mallaka a yarjejeniyar 1919.

Sai kuma Baturen da ke zaune. Yana sanye da malafa mai faɗi ta ruwan toka, an naɗe gefenta na dama sama, an danne da wata 'yar da'ira mai launi uku: baƙi da fari da ja. Wannan malafa ta hafsoshin mulkin mallaka ce. Hular nan mai tsini a ka da aka san Jamusawa da ita tun 1842, da hular kwano da ta maye gurbinta a 1916, na sojojin gida ne a Turai. Launin ƙyallen da ya kewaye malafar shi ke nuna ƙasar da hafsa yake aiki: ja na Kamaru, shuɗi na ƙasar da ake kira Namibiya a yau, fari kuma na Gabashin Afirka, wato yankin Tanzaniya.

Mai karatu zai ce, ina za a ga launi a hoto baƙi da fari? Tambaya ce mai kyau. Sinadarin da masu hoto ke amfani da shi a wancan lokaci ba ya ɗaukar ja, saboda haka duk abin da yake ja yakan fito baƙi ƙirin, shuɗi kuwa ya fito da haske kamar fari. Ƙyallen malafar hotonmu baƙi ne, haka darar sojan. Wannan ya yi daidai da Kamaru. Da ya fito da haske, da sai mun nemi wata shaida kafin mu raba tsakanin shuɗi da fari, alal misali hular kuratan, domin na Gabashin Afirka suna lulluɓe tasu da kaki mai leɓatu a ƙeya don kare rana.

Iyakar abin da hoton ya faɗa mana ke nan: sojan rundunar Jamus ne a Kamaru, kuma an ɗauki hoton kafin 1916 ta ƙare. Bai faɗa mana ko da son ransa ya shiga ba, ko yana cikin waɗanda aka tura su ƙona garuruwa, ko waɗanda suka bi Jamusawa zuwa ƙasar Sifaniyawa aka tsare su a tsibirin Fanando Fo. Wannan sai a koma wurin tsofaffi, tun suna raye.

Marubuci yana da ikon ya ƙaga zance da tunanin tauraronsa, amma idan ya sa masa rigar wani zamani, yaran da za su karanta shi za su ɗauka haka tarihi yake, kuma suna da zuri'a ake ɓatawa. Ɗalibinmu ya canza labarinsa, yanzu a gindin dutsen Mora ya fara shi. Muna roƙon 'yan'uwa masu irin waɗannan hotuna a ƙasan adaka su fito da su, a duba hula da tambari kafin a ɗauki alƙalami. Allah Ya sa mu dace.