Alkawarin Kaiserswerth

Kaiserswerth wani ɗan gari ne a bakin kogin Rayin, a ƙasar Jamus. Tun 1929 aka haɗe shi da birnin Düsseldorf. Cikin 1822 aka kai wani saurayi can, sunansa Theodor Fliedner, ya zama limamin Kiristocin Furotestan. Bai daɗe da sauka ba sai masaƙar da jama'arsa ke ci da ita ta karye. Ya tashi neman taimako, ya bi Holan, ya ƙetare Ingila, inda ya ga yadda waɗansu mata ke kula da fursunoni. Abin ya zauna masa a rai.

Cikin 1833 wata mace ta fito daga kurkuku, ba inda za ta nufa. Shi da matarsa Friederike suka sauke ta a wani ɗan ɗaki cikin lambunsu. Mafarin aikin ke nan. Ran 13 ga Oktoba, 1836, suka buɗe asibiti, suka shiga koya wa 'yan mata jiyya. Suka kuma kafa makarantar ƙananan yara, da ajin horon malamai mata. Florence Nightingale ma ta zo ta ga aikin cikin 1850, ta komo 1851 ta yi wata uku. A shekarar nan ne kuwa suka buɗe makarantar 'yan mata a Birnin Ƙudus, Talitha Kumi, wadda yanzu ta ke Beit Jala.

To, ina aka sami matan? A ganina nan ne dabarar ta ke. A zamanin nan budurwa 'yar mutunci ba ta shiga gidan baƙo ta yi jiyya, sai a yi da ita. Don haka aka yi musu tufafi da ɗan kwalin ka irin na matan aure, su bi titi ba mai ɗaga musu ido. Albashi kuwa babu, sai 'yan kuɗin kashewa, kuma muddin mace na cikin aikin ba ta aure.

Ku da ke koyon Hausa kun riga kun karanta cewa a wurinmu tsohuwa ɗakinta na gidan ɗanta. Wadda ba ta yi aure ba, ba ta haifa ba, wa zai riƙe ta? Sai aka yi wa kowace alkawari: in ciwo ya kama ta, ko ƙarfinta ya ƙare, ta komo gida, ci da sha da jiyya suna wuyan ƙungiya har ranar mutuwarta. Aka keɓe musu gida na hutawa. Daga baya aikin ya faɗaɗa, ya haɗa da tsofaffin gari, maza da mata.

Babban asibitinsu na yanzu sunan Florence Nightingale ya ke ɗauke da shi. Gidan nan na bakin kasuwa kuwa, inda aka kwantar da majiyyatan farko, tsofaffi ne ke zaune a cikinsa yau.