Makka a Idon Kyamara, Misfala a Gefen Hoto

Tun fil azal mutanen Makka sun raba garinsu biyu: abin da ke sama da Harami shi ne Mu'alla, abin da ya gangara kudu kuwa shi ne Misfala. Ta nan ruwa ke ficewa idan aka yi kamar da bakin ƙwarya, kuma a nan ne Takaru, wato mutanen Afirka ta Yamma da suka zo hajji suka zauna, suka daɗe da kafa gidaje. Sai dai wanda ya duba tsofaffin hotunan garin da ƙyar zai tsinci unguwar, domin duk mai kyamara Ka'aba yake fuskanta.

Muhammad Sadik Bey, injiniyan sojan Masar, shi ya fara ɗaukar garin. Ya ɗauki Madina a 1861, sannan a 1880 ya biyo ayarin mahajjatan Masar ya ɗauki Harami da Mina da Arfa. Aikin ba na rago ba ne. A kan farantin gilashi hoton ke fita, ga akwatin kyamara mai ƙafa uku, ga kwalaben sinadari, duk a bayan raƙumi cikin zafin Hijaz. A 1881 aka ba shi lambar zinariya a birnin Benis na Italiya.

Labarin da ya fi ɗaukar hankali na 1885 ne. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, ya shiga Makka da sunan Abdulgaffar, ya kuma dace da wani likita ɗan gari wanda shi ma sunansa ke nan, Sayyid Abdulgaffar. Suka riƙa aikin hoto tare. Kafin lokacin hajji ya zo hukuma ta sallami Baturen, ya fita a gurguje ya bar kayan aikinsa. Likita ya ci gaba shi kaɗai, yana aika masa hotuna: birnin tsakanin duwatsunsa, tantunan alhazai a Mina da Arfa, har da raƙumin hawan wani Sharifi da adonsa. A 1889 Hurgronje ya buga su a Leiden, amma sa hannun likitan da ke jikin hotunan an kankare shi. Sai da masu bincike suka bi diddigi bayan shekaru masu yawa kafin sunansa ya dawo, kuma yau shi ake kira ɗan Makka na farko mai ɗaukar hoto. Wahala ta likita, suna na baƙo.

Bayansu Ibrahim Rif'at Basha, wanda ya jagoranci ayarin Masar a farkon ƙarni na 20, ya cika littafinsa Mir'atul Haramaini na 1925 da hotuna. Hoton da ya fi yawo a hannun jama'a kuwa na ambaliyar 1941 ne, inda aka ga wani yaro ɗan Bahrain, Ali al-Awadi, yana ɗawafi da iyo. Ruwan da ya yi iyo a ciki ta Misfala ya sauka.

Darajar waɗannan hotuna ta ƙaru ne saboda abin da suka ɗauka ya ɓace. Ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa da aka gina a kan dutse, wadda ke leƙo unguwar, an rushe ta a 2002 tare da dutsen nata, doguwar hasumiyar agogo mai tsawon mita 601 ta maye gurbinta. Otal-otal kuma sun cinye bakin titin Ibrahim Khalil na Misfala.

Alhazan ƙasar Hausa nasu hoton daban ne. Kafin wayar hannu, mutum zai tsaya a shago gaban labulen da aka zana Ka'aba, ko ya hau raƙumin da aka yi wa kwalliya da furannin roba a gindin Dutsen Arfa, a miƙo masa hotonsa nan take, ya haɗa da zamzam da dabino cikin tsaraba. Malamai da yawa ba su so abin ba, askarawan Harami ma sun sha hana kyamara shiga. Yau kuwa kowa na da ita a aljihu. Tattabarun Makka, waɗanda shari'a ta hana a farauce su ko a firgita su, su ma suna shan ɗauka a titunan Misfala.